Da Ƙyar Na Sha Ya Fi Da Ƙyar Aka Kama Ni? Amsoshin Tambayoyinku Kan Damben Manya

Wasiƙun wannan watan kamar an haɗa baki. Kusan duk a kan abu ɗaya suke: ɗan damben ajin masu nauyi da ya leƙa rami ya dawo, aka ɗaga hannunsa ana ta gunaguni. Na tsamo shida daga ciki. Masu tambayar ƙwallo su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni da abokaina mun daɗe muna musu a kan damben Tyson Fury da Francis Ngannou. Mutumin da bai taɓa yin boksin na ƙwararru ba ya kai zakaran duniya ƙasa, aka ba Fury nasara da ƙyar. Ni na ce tun daga ranar Fury ya ƙare, su kuma suka ce nasara nasara ce ko da maki ɗaya. Shin tsallake rijiya da baya irin wannan yana canza ɗan dambe, ko dai surutunmu ne na 'yan kallo?
Daga wani mai karatu

AMSA: Ɗan'uwa, barka kadai. A takarda abokanka ne ke da gaskiya. Ranar 28 ga Oktoban 2023 a Riyad, bayan turmi goma, alƙalai biyu suka ba Fury, ɗaya 96-93, ɗaya 95-94, na ukun ya ba Ngannou 95-94. Kundin tarihi ba ya rubuta "da ƙyar", nasara kawai ya sani. Amma duk wanda ya kalli turmi na uku, ya ga hagun ɗan Kamarun nan ta sauka a gefen kan Fury, ya ga ƙato mai kilo 126 ya zube, ya san akwai abin da takardar ba ta ɗauka ba.

Ga yadda nake kallon abin, bayan shekarun da na yi ina raba dare a gaban talabijin saboda mutanen nan. Kaye ba ya barin mutum ya yi wa kansa ƙarya. Kambu ya tafi, kuɗin dambe na gaba ya ragu, 'yan rakiya sun fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, dole ya zauna ya nemi inda gizo ke saƙa. Wanda ya sha da ƙyar kuwa da kambunsa yake komawa ɗakin sauya kaya, mutum ashirin na jiransa a can, kuma kowannensu a jikinsa yake ci. A cikinsu wa zai buɗe baki ya ce, "Maigida, yau fa Allah ne ya rufa mana asiri"? Sai dai a ce santsi ne, ko mura ce ta dame shi a sansanin horo, ko alƙalin wasa ne bai iya aiki ba. Saƙon da kaye ke kawowa shi ne dai sha da ƙyar ke kawowa, sai dai wannan a cikin ambulan yake zuwa a liƙe. In ka ga dama ka buɗe, in ka ga dama ka cusa shi ƙarƙashin katifa.

Fury kansa ya taɓa buɗewa. Disamban 2018, a Los Angeles, karonsa na farko da Deontay Wilder. A turmi na sha biyu dama da hagu suka same shi a jere, ya faɗi rigingine, ƙeya a ƙasa, ko motsi babu. Wilder har ya juya baya yana rawar kafaɗa, yana nuna alamar yanka a wuya. Alƙalin wasa Jack Reiss ya durƙusa a kansa yana ƙirge. Da wani ne, ganin yadda mutumin ya kwanta, da tun a uku ya kaɗa hannu ya ce an gama. Kafin a kai goma Fury ya miƙe. Reiss ya sa shi ya taka nan ya taka can, ya ga ƙafa na ɗaukarsa, ya ce a ci gaba. Kowa tashin yake tunawa, har yau ana ta yawo da hotonsa a intanet. Ni kuwa minti biyun da suka biyo baya nake tunawa, domin a cikinsu mutumin da ya tashi daga ƙasa shi ne ya koma yana bin wanda ya kayar da shi. Aka tashi canjaras.

A cikin minti biyun nan ya gano abin da turmi goma sha ɗaya na kauce-kauce ba su nuna masa ba: Wilder bai iya dambe yana ja da baya ba. Sai kuma Satumban 2019, Otto Wallin ɗan Suwidin ya tsaga masa saman idon dama, tsagar da ta ci ɗinki 47. Da likita ya ce a tsaya, Wallin za a ba, tunda naushi ne ya yi tsagar ba karon kai ba. Sau biyu ke nan cikin ƙasa da shekara. Abin da ya yi bayan nan ba kowa ke iya shi ba: ya rabu da kocinsa Ben Davison, wanda ya tsamo shi daga ƙiba da damuwa ya dawo da shi fage, ya koma hannun SugarHill Steward na gidan horon Kronk da ke Detroit, gidan da aka sani da koyar da a gama da mutum kafin a kai ga alƙalai. Ya ƙara nauyi daga kilo 116 zuwa 124. A Fabrairun 2020, tun ƙararrawar farko ya tako tsakiyar fili ya sa Wilder a gaba, ya kai shi ƙasa sau biyu, a turmi na bakwai aka jefo tawul daga kusurwar Wilder.

To me ya sa ta 2023 ba ta haifi irin wannan ba? A ganina shekaru ne. A 2018 yana da 30, kuma abin da ya gano dabara ce, ita kuwa dabara ana koyonta. A 2023 yana da 35, abin da ya bayyana ƙafa ce da saurin kaucewa, su kuma babu kocin da ke da su a jaka. A yi masa adalci, bai yi biris da saƙon ba. Ya zo wa Oleksandr Usyk a Mayun 2024 da kilo 119, ya yi dambe mai kyau a tsakiyar karawar, har zuwa turmi na tara da hagun Usyk ta same shi ya shiga tangaɗi daga wannan igiya zuwa waccan, alƙalin wasa ya yi masa ƙirge. Makin nan ɗaya da ƙirgen ya ci masa shi ya raba gardama, domin ɗaya daga cikin alƙalan 114-113 ya ba Usyk. Ba don shi ba, da canjaras aka tashi. A Disamba Usyk ya sake doke shi, 116-112 a wurin alƙalan uku.

Saboda haka ka gaya wa abokanka Ngannou tona shi ya yi. Kai ma ka ɗan rage, "ya ƙare" ta yi wa mutumin da ya yi turmi 24 da Usyk yana tsaye da ƙafafunsa yawa.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ina yaro na ji yayyena suna zancen Samuel Peter, wai ya kai Wladimir Klitschko ƙasa har sau uku amma aka hana shi nasara. Da gaske cutarsa aka yi?
Daga wani ɗalibi

AMSA: Ƙanena, ba a cuce shi ba, ko da yake ni ma a daren na so a ce an cuce shi, don in sami wanda zan ɗora wa haushina.

Satumban 2005 ne, a Atlantic City. Peter ɗan Najeriya yana da shekara 25, ya yi dambe 24 ba a taɓa doke shi ba. Klitschko yana da 29, amma tuni 'yan jarida sun gama tona masa kabari. Corrie Sanders ya gama da shi a turmi na biyu a 2003, Lamon Brewster ya ƙarasa shi a turmi na biyar a 2004. Maganar da ake yi ita ce ga tsawo ga ƙarfi ga ilimin dambe, amma da an taɓa haɓarsa sai ƙafafu su saki, zuciya ta bi su.

Abin da ya ruɗe yayyenka lissafin maki ne. Kowane turmi da nasa hukuncin: wanda ya ci yana samun 10, ɗayan 9, in an kai mutum ƙasa a ƙara rage masa. Peter ya kayar da shi sau biyu a turmi na biyar, sau ɗaya a na goma. Turmi biyu ke nan. Kusan duk sauran Klitschko ne ya kwashe su da doguwar hagun nan tasa mai zungurar fuska. Alƙalan uku duka 114-111 suka rubuta, kuma in ka zauna da faifan da biro a hannunka, kai ma kusan abin da za ka rubuta ke nan.

Amma ka lura da abin da yake yi duk lokacin da ya tashi, don a nan labarin yake. A da in an taɓa shi firgita yake yi, ya ƙone numfashinsa a minti ɗaya. A wannan daren yana tashi sai ya rungume Peter, ya ɗora masa nauyinsa a wuya da kafaɗa, ya jira alƙalin wasa ya raba, ya ja taku ɗaya baya, ya koma wa hagunsa kamar ba abin da ya faru. Peter ya sake rugowa, ya sake rungume shi. Babu kyan gani ko kaɗan. A turmi na sha biyu ma shi ne ya girgiza Peter da hagu har ƙafafunsa suka yi rawa. Kocinsa Emanuel Steward ne a kusurwarsa, kuma abin da ya daɗe yana so ya cusa masa ke nan, amma akwai karatun da baki ba ya koyarwa. Sai da mutumin ya faɗi sau uku ya tashi sau uku ya yarda cewa faɗuwa ba mutuwa ba ce.

Wata bakwai bayan haka ya ƙwace kambun duniya na hukumar dambe ta IBF daga hannun Chris Byrd, ya riƙe sarauta daga Afrilun 2006 har Nuwamban 2015 da Fury ya doke shi a Jamus. Zungura, dama, runguma. Zungura, dama, runguma. Na sha yin gyangyaɗi a kan dambensa, ban kuma ji kunyar faɗa ba. Amma tun daga daren Peter ba wanda ya sake kai shi ƙasa sai a 2017, yana da shekara 41.

Shi ma Peter ambulan ɗinsa ta iso a Oktoban 2007, da Jameel McCline ya kai shi ƙasa sau uku a turmi na biyu da na uku, ya tashi ya ci da maki. Bayan wata biyar ya buge Oleg Maskaev a Cancun ya ɗauki kambun duniya na hukumar WBC, wa zai tsaya tuna McCline ana cikin shagali? A Oktoban 2008 Vitali, yayan Wladimir, wanda ya yi kusan shekara huɗu bai yi dambe ba, ya yi ta jibgarsa turmi takwas har ya kasa tasowa daga kujerarsa. Da ya sake haɗuwa da Wladimir a 2010 a Frankfurt, Peter na 2005 ne ya zo, ya tarar da wani Klitschko daban. A turmi na goma aka gama.

TAMBAYA: Malam, ni a ganina mai naushi irin na Wilder ba ruwansa da maki. Ko an ci shi turmi goma, naushi ɗaya ya isa. Me zai sa irinsa ya canza wani abu don kawai ya sha da ƙyar?
Daga wani masoyin Wilder

AMSA: Shi ma haka ya gani, Malam, ka kuwa ga inda ta kai shi.

A Maris na 2018 a Brooklyn, Luis Ortiz, bahagon nan ɗan Kyuba, ya kama shi a ƙarshen turmi na bakwai ya yi ta ruwan naushi a kansa, Wilder na riƙe-riƙe, ƙararrawa ta zo ta cece shi. A turmi na goma ya gama da Ortiz. Suka sake haɗuwa a Nuwamban 2019, bayan turmi shida Ortiz na gaba a takardun alƙalan uku, sai dama ɗaya a turmi na bakwai, shi ke nan. Yanzu ka sa kanka a matsayinsa. Sau biyu ana koya maka dambe a bainar jama'a, sau biyu hannunka na dama na biya maka bashi. Wane darasi za ka ɗauka? Cewa ka gyara takunka, ko cewa damarka ba ta taɓa ba ka kunya? Na biyun ya fi daɗin ji, shi ya ɗauka. Wata uku kacal bayan haka ya haɗu da Fury na biyu, wanda bai ba shi tazarar da zai warware hannun ba.

Abin da ya fi ba ni takaici bayan kayen ne. Ya ce kayan adon da ya sa ya shigo fili ne suka yi masa nauyi suka kashe masa ƙafafu, ya kuma sallami Mark Breland, ɗaya daga cikin masu horar da shi, mutumin da ya jefa tawul don ya cece shi. Naushin dai bai yi ƙarya ba, a karo na uku a 2021 sau biyu ya kai Fury ƙasa a turmi na huɗu. Sauran kayan aikin ne babu, kuma lokacin da ya kamata a tanade su ana can ana murnar Ortiz.

Wilder ne ya faɗo mini a rai ranar da na kalli Fabio Wardley da Justis Huni a Yunin 2025 a Ipswich: ana bin Wardley maki da nisa, dama ɗaya a turmi na goma ta share komai. 'Yan kallo na ihu, ni ina tunanin me za a gaya masa a ɗakin sauya kaya.

TAMBAYA: Malam, ni da maigidana tare muke kallon dambe. Shi ya ce tun daga damben Klitschko a Wembley Anthony Joshua ya zama matsoraci. Ni kuma na ce hankali ya yi. Don Allah ka raba mu.
Daga wata mai karatu

AMSA: Hajiya, shiga tsakanin mata da miji ya fi shiga fili da Wilder haɗari, amma bari in gwada.

Ranar 29 ga Afrilun 2017, a filin wasa na Wembley da ke Landan, gaban mutum 90,000. A farkon turmi na biyar Joshua ya kai Wladimir Klitschko ƙasa, ya ɗaga hannuwa sama kamar an gama, ya afka masa da duk abin da ke jikinsa. Kafin turmin ya ƙare shi ne ke jingine da igiya baki buɗe, hannuwa sun yi masa nauyi. A na shida dama miƙaƙƙiya ta sauke shi, faɗuwarsa ta farko tun da ya zama ƙwararre. Abin da ya cece shi, a ganina, halin Klitschko ne da na gama bayani a sama: mutumin da ya yi shekara goma sha biyu yana koya wa kansa kada ya yi gaggawa, ranar da gaggawar za ta yi masa amfani bai yi ta ba. Joshua ya sami turmi biyu zuwa uku ya maido numfashi. A na sha ɗaya ya ɗago masa naushi daga ƙasa ya daki haɓa har wuyan tsohon ya miƙe, ya kayar da shi sau biyu, alƙalin wasa ya shiga tsakani.

Ke kina da hujja ɗaya: a Maris na 2018 ya bi Joseph Parker a hankali har turmi goma sha biyu, karo na farko da ya bar wa alƙalai hukunci. Amma ki duba Yunin 2019 a New York. A turmi na uku ya kai Andy Ruiz ƙasa, me ya yi? Ya afka masa, daidai kuskuren Wembley. Ruiz ya tare shi da hagu a gefen kai, daga nan bai sake dawowa hayyacinsa ba, sau huɗu yana faɗuwa kafin a tsayar a turmi na bakwai. Da ya yi hankalin da kike faɗa, da bai ruga ba. Da kuma matsoraci ne kamar yadda Maigida ke faɗa, da nan ma bai ruga ba.

Canjin na gaskiya bayan Ruiz ya zo, bayan kaye, ba bayan sha da ƙyar ba. A Disamban 2019 a Saudiyya ya rage kusan kilo biyar, ya yi ta zagaye fili yana zungura turmi goma sha biyu, ya karɓe kambunansa. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya. Tun daga nan mutum biyu ne a cikin riga ɗaya, mai lissafi da mai afkawa, kuma ba su cika shawara da juna ba. Mai afkawar ne ya kwantar da Ngannou a turmi na biyu a Maris na 2024. Shi ne kuma a watan Satumba, bayan Daniel Dubois ya sha kai shi ƙasa, ya samu dama ɗaya ta shiga a turmi na biyar, ya tako don ya ƙarasa, ya ci karo da gajeriyar damar da ta kwantar da shi.

Ki ce wa Maigida ya yi kuskuren rana da kuskuren kalma. Ke kuma kin yi kuskuren rana kawai. Kin ci da maki.

TAMBAYA: Malam, mu daina ɓoye-ɓoye. Lennox Lewis gudu ya yi wa Vitali Klitschko ko ba gudu ya yi ba?
Daga wani mai karatu

AMSA: Alhaji, ka kira shi gudu in ka so, ni ina fata da yawansu sun iya irin wannan gudun.

Yunin 2003, Los Angeles. Kirk Johnson aka shirya zai kara da Lewis, ya ji rauni, aka sako Vitali saura kamar mako biyu. Lewis ya zo da shekara 37 da kilo 116, nauyin da bai taɓa hawa fili da shi ba. A turmi na biyu Vitali ya girgiza shi. A na uku damar Lewis ta tsaga wa Vitali saman idon hagu, tsaga mai muni da ba kowa ke iya kallo ba. Bayan turmi na shida likita ya duba ya ce a tsaya. A lokacin Vitali ne ke gaba, 58-56 a takardun alƙalan uku. Lewis ya ci bisa doka, ba a yi wa kowa coge ba, tunda naushi ne ya yi tsagar. Amma ka kalli yadda ya zube a kan kujerarsa bayan turmin ƙarshen. Jiki magayi.

Ka sani babu tallar da ta kai sha da ƙyar sayar da tikiti. Zakaran da ke share kowa a turmi biyu mutane kan gaji da shi, amma da bango ya tsage kowane ƙadangare sai ya taso, masu shirya dambe su taso da jakunkunan kuɗi, 'yan kallo su ce sai an sake. Duk wannan matsin ya hau kan Lewis. Ya yi wata bakwai yana juya maganar, a Fabrairun 2004 ya ce ya ajiye. Ya tafi da nasara 41 a hannu, kaye biyu, canjaras ɗaya, kuma duk wanda ya taɓa doke shi ko ya riƙe shi ya dawo ya rama a kansa. Bai sake dawowa ba, kuma in ka ji shi yana sharhi a yau, maganarsa tas take fita.

Ka auna shi da waɗanda suka tsaya. Joe Louis, a Disamban 1947, Jersey Joe Walcott ya kai shi ƙasa sau biyu. Shi da kansa ya nufi fita daga fili kafin a faɗi sakamako, sai aka ce shi ya ci. Ya rama a 1948, ya yi ritaya a 1949, bashin haraji ya dawo da shi a 1950, a 1951 Rocky Marciano ya fitar da shi ta tsakanin igiya. Larry Holmes, a Mayun 1985, ya sha da ƙyar a hannun Carl Williams, nasararsa ta 48 a jere, saura ɗaya ya kamo Marciano mai 49. Wa zai tsaya a nan? Bayan wata huɗu Michael Spinks, wanda ya hauro daga ƙaramin aji, ya ƙwace kambun.

Kada kuma ka ce na ce shekarun haihuwa ne kawai ma'auni. Riddick Bowe yana da 29 a ƙarshen 1996, amma yaƙe-yaƙensa uku da Evander Holyfield sun riga sun tsofar da shi. Sau biyu a wannan shekarar Andrew Golota na lakaɗa masa duka, sau biyu ana korar Golota saboda naushin ƙasa da cibiya ana ɗaga hannun Bowe. A kundi nasara biyu ce. Daga ita bai sake yin wani babban dambe ba.

TAMBAYA: Malam, da gaske ne kocin Muhammad Ali ya yaga masa safar hannu don ya samu hutun minti biyar a dambensa da Henry Cooper?
Daga wani dattijo mai karatu

AMSA: Baba, rabin labarin gaskiya ne, rabin kuma ya yi ƙiba a bakin masu ba da shi. Yunin 1963 ne a Wembley, lokacin ma sunansa Cassius Clay, yana da shekara 21, ya riga ya yi alƙawarin zai gama da Cooper a turmi na biyar, yana ta wasa da shi yana jiran lokacin. Saura daƙiƙoƙi turmi na huɗu ya ƙare hagun Cooper ta same shi a muƙamuƙi, ya sulale jikin igiya ya zauna. Ya miƙe, ƙararrawa ta kaɗa. Safar ta riga ta ɗan tsage, kuma kocinsa Angelo Dundee da bakinsa ya amsa daga baya cewa ya sa yatsa ya ƙara buɗe tsagar, ya kira alƙalin wasa ya nuna masa. Amma ba a sauya safar ba, kuma faifan damben ya nuna 'yan daƙiƙoƙi ne kawai aka ƙara a kan mintin hutun. A turmi na biyar Clay ya buɗe wa Cooper ido jini ya wanke masa fuska, aka tsayar. Alƙawari ya cika. Bayan wata takwas ya doke Sonny Liston ya zama zakaran duniya.

Abin da ni ya fi ɗaukar mini hankali ba safar ba ce, naushin ne. A 1962 Sonny Banks ya kai shi ƙasa, da hagu mai lanƙwasa. A 1963 Cooper, da ita. Hannunsa na dama a ƙasa yake yawo, kuma in an kawo naushi baya yake jan kansa maimakon ya sunkuya, yana dogara da saurin da Allah ya ba shi. Sau biyu ya tashi ya ci, bai ga dalilin ɗaga hannun ba. A Maris na 1971 a New York, bayan shekara uku da rabi da aka raba shi da fili sun rage masa saurin, a turmi na goma sha biyar Joe Frazier ya yi tsalle da ita dai hagun nan. Ali ya miƙe kafin a ƙirga huɗu, muƙamuƙinsa na dama a kumbure, amma a wannan karon hannun Frazier aka ɗaga.